Nasiha Ga Mai Son Karatun Kimiyyar Wasanni

Ƙannena maza da mata, akwai wani kwas a jami'o'inmu da kwalejojin ilimi wanda ba kasafai yaro ke zaɓensa da kansa ba. Galibi sai ya nemi likitanci ko lauya, makinsa na JAMB ya gaza, sannan a turo shi sashen ilimin motsa jiki da kiwon lafiya. Ya karɓa yana ƙunƙuni, a gida kuma a riƙa yi masa ba'a wai ya tafi jami'a koyon guje-guje da tsalle-tsalle. Akwai kuma wani rukunin, waɗanda ƙwallo ta shiga ransu tun suna buga ta ba takalmi a layin unguwa, amma ƙafa ba ta kai su inda suka yi buri ba, yanzu suna neman ƙofar da za su bi su zauna a benci kusa da taurari. Da ku duka biyun nake. Na farko ya raina abin da ke hannunsa, na biyu kuma ya hango wani ɓangare ɗaya kawai na aikin, wanda kyamara ke haskawa.

Abin da wannan fanni ke nema shi ne sanin me ke faruwa a jikin ɗan Adam idan ya motsa, da yadda za a sa ya jure fiye da jiya ba tare da ya lalace ba. Zuciyar da ke bugawa wajen sau 70 a minti idan kana zaune tana iya kusantar 200 idan saurayi ya zura da gudu. Me ya sa wani ke gajiya a minti na 60, wani kuma yana nan daram har alƙali ya busa tashi? Me ya sa tsokar bayan cinya ke yawan tsagewa idan an tsinke da gudu? Me ɗan wasa zai ci, yaushe zai ci, awa nawa zai yi barci? Me ke sa ƙafar gwani ta yi sanyi a gaban bugun fenariti? Ba jiya aka fara waɗannan tambayoyi ba. Wani Bature ɗan Ingila, A. V. Hill, wanda ya sami kyautar Nobel ta 1922 saboda aikinsa kan tsoka, shi kansa mai son gudu ne. Yakan goya jakar tara numfashi ya yi ta zagaye fili, daga baya a auna yawan iskar oksijin da jikinsa ya ci. Daga irin wannan aikin aka gano cewa kowane jiki yana da iyakar oksijin da zai iya amfani da ita a minti guda, kuma har yau wannan awo yana cikin manyan ma'aunan juriya.

Amma mutumin da nake so ku riƙe sunansa shi ne Tom Reilly, ɗan ƙasar Ayaland da ya yi rayuwar aikinsa a birnin Libaful. Yana cikin waɗanda suka kafa digirin farko na kimiyyar wasanni a Birtaniya a 1975. A waɗancan shekarun babu na'urar da ake maƙala wa ɗan wasa a baya tauraron ɗan Adam ya bi sawunsa. Shi da abokin aikinsa Vaughan Thomas sai suka riƙa bin wasannin Everton, a zaɓi ɗan wasa guda, a kafa masa ido tun daga farko har ƙarshe, ana faɗa wa rakoda duk abin da ya yi: ya taka, ya yi sassarfa, ya ruga, ya ja da baya. Da alamomin da ke fili da tsawon takun kowane ɗan wasa suka lissafa nisan da ya ci. Sakamakon ya fito a 1976, ya kuma nuna cewa 'yan tsakiya sun fi kowa cin ƙasa, kuma mafi yawan zirga-zirgar ɗan wasa yana yin ta ne ba ƙwallo a ƙafarsa. Yau kowane mai sharhi yana faɗin cewa ƙwararren ɗan wasa kan yi kilomita 10 zuwa 12 a wasa ɗaya kamar abin da aka haife shi da saninsa. Wani ne ya fara zama ya ƙirga.

Ku lura da yadda aikin Reilly ya kasance. Tambayar daga fili ta fito. Amsar a ɗakin bincike aka tace ta. Sannan ya shiga aji ya koya wa ɗalibai, ɗaliban suka watsu cikin ƙungiyoyi, suka dawo masa da sababbin tambayoyi. Haka ma Jens Bangsbo na Jami'ar Kofanhegan a Denmak, wanda ya ƙirƙiro gwajin juriyar nan na kai-da-komo a tsakanin mita 20 da ake kira Yo-Yo: farfesa ne, ya kuma yi mataimakin koci a Juventus a farkon shekarun 2000. Abin da nake so ya zauna muku ke nan. Koyarwa da bincike da tsayawa a bakin fili aiki ɗaya ne, kuma wanda ya ɗauki guda ya yar da sauran yakan tsufa da wuri a cikin sana'ar. Malamin da bai taɓa tsayawa a rana da 'yan wasa ba zai shekara ashirin yana karanto wa ɗalibai takardar da aka karanto masa. Mai aikin fili da ya daina karatu kuwa, ba ya daɗewa sai ya koma yin abin da ya ga ana yi a bidiyon waya, ba tare da ya san dalili ba.

In da za ku ji tawa, da aji za ku fara, kuma ba don babu wani aikin ba. A makarantunmu da yawa, darasin motsa jiki shi ne wanda ake sadaukarwa: a mayar da shi lokacin shara, ko malamin lissafi ya ara bai mayar ba, ko a jefa wa yara maza ƙwallo ɗaya a ce mata su zauna a inuwa. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yaro ya sami aƙalla minti 60 na motsa jiki a kowace rana, babba kuma minti 150 zuwa 300 a mako. Asalin wannan shawara ma labari ne da zai yi muku daɗi. A 1953 wani likita, Jerry Morris, ya wallafa bincike kan ma'aikatan bas-bas masu bene na birnin Landan. Direba yana zaune wuni guda, kwandasta kuwa yana hawa da sauka yana karɓar kuɗin mota. Sai aka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobin. Mota ɗaya, hanya ɗaya, bambancin motsi ne. Ku duba yadda hawan jini da ciwon suga suka zama ruwan dare a gidajenmu, sannan ku gaya mini ko malamin da ke koya wa yara ɗari uku son motsa jiki ƙaramin aiki yake yi.

Aji kuma yana koya maka abin da babu jami'ar da za ta ba ka: iya bayani. Wanda ya iya fahimtar da yaro ɗan shekara 12 dalilin da ya sa ake ɗumama jiki kafin wasa, da Hausar da kakarsa ma za ta gane, shi ne gobe zai iya shawo kan kocin da ya yi shekara 30 a fili yana ganin 'yan boko surutu kawai suka iya. Akwai tsarin ɗumama jiki na minti 20 da hukumar FIFA ta yaɗa, mai suna 11+, wanda ba ya bukatar komai sai fili da ƙwallo. Binciken da aka yi a Nowe kan 'yan mata masu buga ƙwallo, aka wallafa a 2008, ya nuna ya rage raunuka da kusan kashi ɗaya cikin uku. Kyauta ne, yana intanet. Abin da ya rage shi ne malamin da zai koya shi daidai, ya kuma dage a riƙa yi ko ranar da yara ke ɗokin a fara wasa.

Bincike kuma, na san abin da za ku ce: ba mu da kayan aiki. Gaskiya ne ba mu da irin abin da ke asibitin wasanni na Aspetar a Doha, ko cibiyar wasanni da Ostireliya ta buɗe a Kanbera a 1981 bayan ta dawo daga gasar Olamfik ta 1976 ba zinare ko guda. Amma ku tuna Reilly da rakodarsa. Da sikelin awon nauyi kaɗai za ka iya aikin da zai amfani ƙungiya. Ka auna ɗan wasa kafin atisaye, ka sake auna shi bayan an tashi, ka rubuta ruwan da ya sha a tsakani. Duk kilo ɗaya da ya ragu, kusan lita ɗaya ce ta gumi. Idan ragin ya wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyinsa, wato kilo 1.4 ga mai kilo 70, juriyarsa ta fara raguwa ko shi bai sani ba. Ka yi haka ga 'yan wasa 25 a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke haura digiri 40, ka sake yi a cikin hunturu, ka ga in ba ka fito da abin da babu shi a littattafan da aka rubuta a ƙasashen sanyi ba. Haka kuma in ka tambayi kowane ɗan wasa bayan atisaye yadda ya ji wahalarsa daga sifiri zuwa goma, ka ninka da mintocin da aka yi, ka sami ma'aunin nauyin aikin da ya ɗauka. Manyan ƙungiyoyin Turai suna amfani da wannan hanya duk da na'urorinsu.

Tambayoyin da ke ƙofar gidanmu suna da yawa, kuma babu wanda zai taso daga Jamus ya amsa mana su. Ga azumi. Yawancin binciken da aka yi kan ɗan wasa mai azumi daga Tunisiya da Aljeriya da Katar da Malesiya ya fito. To, yaron da ke buga wasa ƙarfe huɗu na yamma a Katsina, wanda sahur ɗinsa tuwo ne ko ɗumame, buɗa-bakinsa kunu da ƙosai, ya kwana a tahajjud a goman ƙarshe, wane lokaci ya fi dacewa ya yi atisaye, kuma da wane nauyi? Ga sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da jinin AS. Mai AS yana iya zama gwarzon ɗan wasa, da yawa ma sun zama, amma an san cewa gudun ƙure ƙarfi cikin zafi da ƙishi yana iya jefa wasu cikin haɗari, shi ya sa hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta shigo da gwajin sikila tun 2010. Mu da abin ya fi shafa, ƙungiya nawa ce ta san jinin 'yan wasanta? Ga dambe da kokowa, waɗanda ke cika fili da 'yan kallo daga Kano har Yamai. Ɗan damben da aka kai ƙasa da naushi a ka, kwana nawa ya kamata ya huta kafin ya sake ɗaure hannu? 'Yan kokowar Nijar da ke neman takobi kowace shekara, wane irin rauni ya fi samunsu? Duk wanda ya zauna ya rubuta waɗannan da gaskiya, duniya za ta karanta shi, domin ba ta da wani wurin da za ta samo.

Sai dai ina roƙonku, ku guji binciken jeka-na-yi-ka. Na gaji da ganin kundin kammala digiri mai taken ra'ayin ɗalibai game da wasanni a ƙaramar hukuma kaza, an raba takardar tambayoyi, rabinsu ma mai binciken ne ya cike a ɗakinsa. Ku auna wani abu da hannunku. Ku koyi ilimin ƙididdiga ko da kuna ƙinsa, domin shi ne zai hana ku ɗaukar dace a matsayin hujja. 'Yan wasa biyar sun sha wani haɗi sun ci wasa, wannan ba ya nuna haɗin ne ya ci.

Yanzu bakin fili, inda yawancinku ke hange. Ranar 12 ga Agusta 1989, a babban filin wasa na Surulere a Legas, Najeriya na karawa da Angola a wasan neman gurbin kofin duniya, Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi, bai tashi ba. Shekararsa 25. A watan Yuni 2003 haka ta faru da Marc-Vivien Foé na Kamaru a birnin Liyon na Faransa. Ranar 8 ga Maris 2020 kuma Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya ana wasa da Katsina United, ya rasu. Ku ajiye waɗannan, ku dubi Christian Eriksen na Denmak, wanda zuciyarsa ta tsaya ana tsakar wasa da Finlan ranar 12 ga Yuni 2021. Nan take aka fara danna masa ƙirji, aka kawo na'urar farfaɗo da zuciya, ya dawo, har ya sake buga gasar kofin duniya a 2022. Rai na Allah ne, babu musu, kuma ba kowane mai faɗuwa ake iya cetowa ba. Amma an umarce mu da riƙo da sababi, kuma a nan sababin mintoci ne: duk minti ɗaya da ya wuce ba a yi komai ba, damar tsira na raguwa da kusan kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. Ɗan wasan da ya faɗi ba wanda ya taɓa shi, ba ya amsawa, ba ya numfashi daidai, ba fifita yake bukata ba, ba a ɗura masa ruwa, ba a cusa masa cokali a baki. Ƙirji ake dannawa, da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, wani kuma ya ruga ya ɗauko na'ura. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ɗayanku ya karɓi takardar digiri a wannan fanni bai gwada wannan da hannunsa ba har ya zame masa jiki.

Yawancin ranakun aikin ba su da wannan tashin hankali. Kai ne farkon zuwa fili, kai ne na ƙarshen tafiya. Kana jera robobin alama, kana cika jarkar ruwa, kana rubuta wanda ya kwana da ciwon gwiwa. Wuyar aikin tana wani wuri dabam: ranar da za ka ce a'a. Gobe ne wasan da ƙungiya za ta faɗa rukuni na ƙasa idan ta sha kashi, gwanin cin ƙwallo ya bugu a ka shekaranjiya har yanzu yana ganin jiri, koci yana so ya buga, shugaban ƙungiya ya kira waya, shi kansa yaron yana rantsuwa lafiyarsa ƙalau saboda alawus ɗin wasa. Kai kaɗai ne a ɗakin ba ka son ya shiga fili. Idan ba ka da rubutaccen bayani na abin da ka gani tun ranar da ya bugu, idan kuma ba ka gina amana da kocin tun watanni da suka wuce ba, maganarka iska ce. Wani lokacin ma duk da haka za a ƙi ji. Ka faɗa da ladabi, a gaban likitan ƙungiya, ka rubuta ranar.

Ku san iyakarku kuma. Kai ba likita ba ne, ba kuma likitan gashin ƙashi ba. Ba ka yin allura, ba ka rubuta magani, ba ka ɗora karaya. Nwankwo Kanu ya tsira ne saboda likitocin Inter Milan sun gano matsalar zuciyarsa a gwajin da suka yi masa a 1996, jim kaɗan bayan ya ciyo zinare a gasar Olamfik ta Atlanta, aka yi masa tiyata a Amurka. Naka shi ne ka matsa a yi irin wannan gwajin, ka kuma gane alamar da za ta sa ka tura mutum gaba. Batun ƙwayoyi ma a wuyanka yake. Tun 1 ga Janairu 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta tiramadol a lokacin gasa, kuma ƙa'idarta ita ce duk abin da aka samu a jikin ɗan wasa shi ke da alhaki, ko maganin mura ne ya saya a kemis, ko haɗin gargajiya ne da ba a san me ke ciki ba. A gasar Olamfik ta Tokiyo a 2021 an hana 'yan guje-guje da tsalle-tsalle goma na Najeriya shiga, ba don an kama su da komai ba, sai don ba a yi musu adadin gwajin da doka ta tanada kafin gasa ba. Shekarun wahalar mutum goma suka tafi a kan aikin takarda da kalanda.

Ke ƙanwata, kada ki ɗauka wannan magana ta maza ce. Iyaye da yawa ba za su bar 'yarsu ta yi motsa jiki a hannun namiji ba, kuma ba laifinsu ba ne. Muddin babu malamai mata, 'yan mata za su ci gaba da zama a inuwa, matan aure masu hawan jini kuma ba su da wurin zuwa. Tun 2014 dokar ƙwallon ƙafa ta amince da buga wasa da lulluɓin kai. Jikin mace ma yana da nasa tambayoyin: tsinkewar jijiyar cikin gwiwa ta fi samun mata 'yan ƙwallo fiye da maza nesa ba kusa ba, ga ƙarancin jini, ga motsa jiki lokacin goyon ciki da bayan haihuwa. Waɗannan abubuwa ne da mace za ta gaya miki, ba za ta gaya wa namiji ba.

Maganar kuɗi kuwa, ba zan rufe ku ba. Yawancin manyan ƙungiyoyinmu na Arewa, irin su Kano Pillars da Katsina United da El-Kanemi Warriors da Wikki Tourists, na gwamnatocin jihohi ne, guraben aiki a cikinsu kaɗan ne, kuma idan an sauya koci sau da yawa mutanensa kan bi shi. Shi ya sa albashin koyarwa, komai ƙanƙantarsa, yake da amfani: shi ke ba ka ƙarfin halin faɗin gaskiya a fili, tunda ba nan ne kaɗai tukunyarka take ba. Akwai makarantun horar da yara 'yan ƙwallo, da wuraren motsa jiki da ke ƙaruwa a birane, da makarantu masu zaman kansu, da horar da jami'an tsaro. Ga mai son ƙarin takarda ta aikin horarwa, akwai Cibiyar Wasanni ta Ƙasa a Legas. Ga mai son zurfi, Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero duk suna da sashen, har digiri na biyu da na uku.

Kada ku jira sai an gama hidimar ƙasa. Tun kana aji biyu, ka nemi ƙungiyar unguwarku ko ta makarantar sakandaren da ke kusa. Ka je wa kocin da gaisuwa, kada ka je masa da lacca. Ya riga ka sanin yaran nan, ya san wanda bai karya kumallo ba da wanda ubansa bai san yana zuwa ba. Ka roƙi izinin ɗaukar jarkar ruwa da rubuta wanda ya ji ciwo, a wace gaɓa, a minti na nawa, kwana nawa ya yi bai dawo ba. Yaran da ba su kai shekara 18 ba, ka nemi yardar iyayensu kafin ka auna su, kuma abin da ka sani game da lafiyar ɗan wasa sirrinsa ne, ba na hirar majalisa ba. Idan kakar wasa ta ƙare, ka zauna da kocin ka nuna masa shafi ɗaya kacal: ga raunin da ya fi yawa, ga watan da ya fi faruwa, ga abu guda da kake ganin a gwada baɗi.